Zoben Mai Majigi

Na daɗe ina shakkar rubuta labarin Kawu. A inda na yi karatu na zauna da mutanen da za su wuni suna gardama a kan fim guda, wa ya shirya shi, me yake nufi, kuma a wurinsu mutum irin Kawu ba ya cikin lissafi. Bai taɓa shirya fim ba, bai taɓa fitowa a ciki ba. Nasa kawai ya haska abin da wasu suka yi. Na kuma yi shakkar ko mako guda na hutu, a falon da aka saki labulensa, ya isa a ce an san mutum. Amma babbar shakkar, wadda har yau ban rabu da ita ba, ita ce sunan da zan ba abin da na ga yana yi a makon: kulawa ce, ko rufa-rufa. Zan faɗe shi yadda na gani.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Mutanen layinsu Mai Majigi suke ce masa, domin tun yana saurayi shi ke haska fim a gidan silimar bakin kasuwa, har aka rufe gidan aka mai da shi ɗakin ajiyar tayil. A can ya samu Inna, matarsa. Ita ke sayar da tikiti a wata 'yar taga a ƙasa, shi yana sama a ɗakin na'ura. 'Ya'yansu biyu: Yaya, mai aikin jinya a wani gari mai nisa, da Auta, taubashina, wanda ya tara gemu ya ajiye tumbi amma har yanzu ba a fasa ce masa Auta ba.

Ban daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba aka ba da hutun mako guda, ofisoshi da makarantu duk suka rufe. Mahaifiyata ta ce in je in gaishe su, tunda 'ya'yansu ma za su zo. Yaya ta biyo ta ɗauke ni a motarta. Sai da muka yi nisa sannan ta rage rediyo.

"Ni ba hutu zan je yi ba," ta ce. "Maƙwabciyarsu ta kira ni. Wai an tsinci Inna a ƙofar tsohon gidan silima, da silifas ɗin wanka, tana tambayar masu lodin tayil wa ya toshe mata taga."

"Me Kawu ya ce?"

"Wai miƙe ƙafa ta fita yi, wai maƙwabciyar ce uwar gulma. Zan zuba ido har ƙarshen mako. In abin da aka gaya mini gaskiya ne, da ita zan koma."

"Shi fa?"

"Ɗaki biyu gare ni a saman bene, ni da maigidana da yara. Inna za ta kwana da 'yan matan. Shi ina zan sa shi? Kuma ko da wuri, ka san Baba ba zai zauna a gidan suruki ba. Ya san abin da zai kai ni. Na gaya masa a waya."

Mun same su a ƙofar gida suna jiranmu, Inna ta sha kwalliya, Kawu yana tsaye a bayanta kaɗan. Ta rungume Yaya, ta ce, "Sannunku, sannunku da hanya, kun sha rana." Ni ma haka ta ce mini. Auta ma da ya iso da yamma haka ta ce masa. Sai daga baya na tuna ba ta kira sunan kowa ba.

Gidan tsaf yake, irin tsaftar da ake yi don baƙi. Amma ni da nake baƙo a ko'ina a lokacin, komai sai na tsaya na kalla. Mabuɗin ƙofar waje ba ya jikin ƙofa, yana saman katakonta, inda sai mutum ya yi ɗage. A kicin, murhun gas ba shi da kawunan murɗawa. Idan za a ɗora shayi Kawu ke zaro ɗaya daga aljihun rigarsa, ya ce ƙullin ya sake, faɗuwa suke yi. Wuƙa ɗaya ce a gidan, kuma a saman firji take. A bangon da ke bayan murhu an rataye wata sabuwar kalanda, ƙasa sosai, inda ba mai rataye kalanda. Da na shiga wanke kofi na ɗaga gefenta. Bangon baƙi ƙirin, fentin ya kumbura ya farfashe. Na sake ta a hankali.

Kullum bayan an ci abincin rana ake kallo. Kawu zai goge wani farin zanen gado da kansa, ya kafe shi a bango, ya ja kowace kusurwa har sai ba inda ya yamutse. Ya ɗora wani ƙaramin majigi a kan kujerar tsuguno, ya tokare gabansa da tsohon littafi, ya haɗa shi da na'urar faifai. Sannan ya saki labule, falon ya yi duhu da rana tsaka. Yana da doka guda da ya taho da ita daga wurin aiki: ba ya haska fim ɗin da bai zauna shi kaɗai ya kalla daga farko har ƙarshe ba.

"Mai majigi ba ɗan kallo ba ne," ya ce mini. "Shi ya riga ya gani. Kunnensa yana kan mutane. Fim ɗin kirki shi ne wanda in ka kunna fitila ba mai saurin tashi."

Kuma fina-finan nasa sun cancanci kallo, wannan ba gardama. Akwai na wani wanzami da ya aske wa alƙali rabin gashin baki, sai ga gobara a kasuwa kowa ya watse. Akwai na 'yan fito biyu, wa da ƙane, da suka gaji kwalekwale ɗaya ba sa magana da juna. Tsofaffi ne, hotonsu ya koɗe, amma har ni da nake ganin na ga duniya na manta da wayata a aljihu.

Auta ne kaɗai ke ƙorafi.

"Baba, waɗannan mutanen naka fa duk sun mutu. Har dokin."

"Dokin ya fi ka iya aiki," in ji Kawu.

"Kai Ɗan Waje, faɗa masa gaskiya. A can haka ake azabtar da baƙi?"

Na ce a can sai an biya kuɗi ake samun irin wannan azabar.

Inna kuwa tana gaba a kujerarta, hannuwa a cinya. Inda ya kamata a yi dariya, ita ke fara yi, dariya mai daɗi har da dukan gwiwa. Inda za a nuna abin tsoro, kafin ya zo ta rufe ido. Yaya tana gefe, rabin idonta a zane, rabi a kan uwarta. Ranar farko da aka ɗaga labule na ji ta sauke ajiyar zuciya.

"Tana bin labarin," ta ce mini a kicin. "Mai irin ciwon da nake tsoro ba ya iya bin labari haka. Wataƙila tsufa ne kawai."

Washegari na koma baya kusa da Kawu, don in ga yadda yake sarrafa na'urar. Kujerarsa ta katako ce mai hannu. A yatsansa akwai wani zoben azurfa mai kauri da na san shi da shi tun ina yaro. Ana cikin fim ɗin 'yan fito, sai na ji ƙwas, ƙwas, a hannun kujerar, ƙasa-ƙasa, cikin ƙugin fankar majigi. Kafin in juya, babban wan ya zame ya faɗa ruwa da hularsa, Inna ta kwashe da dariya. Can gaba, ƙwas, sau ɗaya. Inna ta rufe ido. Sai ga gawar saniya ruwa ya kawo. Na bar kallon zane na koma kallon hannunsa. Bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ita ma ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba sai ya buga.

Da muke naɗe zanen, shi da gefe ni da gefe, na ce, "Kawu, zoben nan naka yana magana."

Bai ɗago ba. Ya haɗa kusurwa da kusurwa.

"Kunnenka ya yi kaifi a can," ya ce. Sai da muka gama ninkewa ya ci gaba. "Daga ɗakin na'ura akwai bututun ruwa da ya sauka ta ɗakin tikiti. Ita ba ta ganin allo daga tagarta, kuma ba a yarda ta bar wurin ba. To in wurin dariya ya kusa, sai in bugi bututun sau biyu, ta ruga bakin ƙofa ta leƙa ta yi dariyarta ta koma. In abin da ba ta so ne, jini ko wuta, sai in buga sau ɗaya, ta tsaya inda take ta rufe ido. Haka muka yi kafin aure, haka muka yi bayan aure. Tsohuwar al'adarmu ce kawai, ɗan nan. Ba wani abu ba ne."

Ya sa zanen a hammata ya shige ɗaki.

Tsakiyar mako, da hantsi, Yaya da Auta sun fita sayayya, an manta ba a mayar da mabuɗi sama ba. Ina zaune a baranda sai na ga Inna ta fito da gyale a kafaɗa, tana sauri, irin saurin wanda ya makara wurin aiki. Ta buɗe ƙofar waje. Titin gaban gidan ba ya rabo da manyan motoci, kuma ga wata tana gangarowa. Na miƙe ina kiran ta, ko waiwayowa ba ta yi ba. Kawu ya fito daga banɗaki da kumfar aski a rabin fuska. Bai yi ihu ba. Ya kai hannu ya bugi ƙarfen baranda da zoben, sau ɗaya. Inna ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a kan kwalta, idonta a rufe. Motar ta wuce, iskarta ta ɗaga gyalen. Ya taka a hankali ya kamo hannunta.

"An wuce wurin," ya ce mata. "Buɗe idonki."

Da ya dawo da ita ciki ya zauna a bakin baranda.

"Ranar kicin ma haka aka yi?" na tambaye shi.

"Mai ta ɗora ta manta. Da ta matsa, da gyalenta ya kama." Ya share kumfar da gefen tawul. "Ka ga ai ina nan. Muddin ina nan ba abin da zai same ta."

Bai ce kar in faɗa ba, ni ma ban ce zan faɗa ba. Na yi ta juya maganar a raina, ina cewa sai gobe, da safe zan sami Yaya ita kaɗai. Kafin in yanke shawara Auta ya riga ni, ba tare da ya san ya yi ba.

Ana gobe za a watse, ya zo da igiyar haɗa waya da majigi yana kaɗa ta.

"Yau ranar matasa ce. Sabon fim, kowa maganarsa yake yi, kuma duk 'yan wasan suna da rai."

"Kawo in duba shi tukuna," in ji Kawu.

"Haba Baba! Kafin ka gama dubawa mun kama hanya. Ba abin kunya a ciki, labarin gidan biki ne."

"Ba na haska abin da ban gani ba."

"To ni zan haska. Yau kai ɗan kallo ne, ka huta. Ɗan Waje, sa baki mana, kana tsaye kamar an dasa ka."

Yaya ce ta yi magana, a hankali, tana duban mahaifinta.

"Baba, bar shi ya sa. Me zai faru?"

In ya ƙi, sai ya faɗi dalili. Ya dubi Inna, ya dubi zanen, sannan ya je ya saki labule da kansa.

Na zauna kusa da shi. Ban taɓa ganin mutum yana kallon fim haka ba. Ya duƙo gaba, yatsansa a sama da hannun kujera, yana sauraren kiɗa, yana karanta fuskokin 'yan wasa, yana neman ya riga fim ɗin isa inda za shi. Da farko ya yi sa'a. Ango ya ɓatar da takalminsa, ya buga, Inna ta yi dariya tare da kowa. Wata mata ta zauna a kan hular baƙo, ya ɗan makara, dariyar Inna ta zo a bayan ta mutane. Yaya ta ɗan juya kai. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

Sai aka nuno uban amarya, wani dattijo mai ƙiba, ya ɗauko faranti cike da kofuna yana saukowa daga bene, yana 'yar rawa, kiɗa yana tashi. A duk fina-finan da Kawu ya haska a rayuwarsa, mai ƙiba da faranti a kan matakala abu ɗaya yake nufi. Ƙafar mutumin ta zame. Ƙwas, ƙwas.

Inna ta fashe da dariya.

Mutumin bai tashi ba. Kiɗan ya ɗauke. Aka nuna kansa a gefen matakala, jini yana bin tayil a hankali, amarya ta durƙusa tana jijjiga shi. Inna tana ta dariya, tana dukan gwiwa, ita kaɗai a cikin duhu, idonta a kan jinin. Kawu ya buga sau ɗaya, da ƙarfi, har kowa ya ji. Dariyar ta yanke kamar an zare waya. Ta rufe ido.

Yaya ta tashi ta yaye labule. Rana ta cika falon, hoton ya ɓace a jikin zane, kukan amarya kawai ake ji har Auta ya lalubi wayar ya kashe. Yaya ba ta dubi uwarta ba. Hannun mahaifinta take kallo.

"Na san wannan bugun," ta ce. "Da shi aka yi mini goyo. Duk makon nan kai ne, Baba?"



Ta durƙusa a gaban Inna ta riƙe hannayenta. "Inna, buɗe ido. Dube ni. Wace ce ni?"

Inna ta buɗe ido, ta yi mata murmushi irin na girmama baƙo. Sannan ta waiga baya, ta tsayar da idonta a kan zoben tana jira. Yatsan Kawu ya ɗaga kaɗan, ya tsaya a iska. Ba shi da bugun da zai yi wa wannan. Da ta ji shiru, ta juyo ta shafa kumatun Yaya.

"Yi haƙuri, 'yan mata," ta ce. "An rufe taga. Ki dawo gobe da wuri."

Auta ya fita waje, muna jin shi yana fyace hanci. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta shiga kicin, na ji ta cire kalandar daga ƙusa. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce, "Baba, ina akwatinta?"

"Yana saman kwaba," in ji Kawu. "Bari in sauko da shi, yana da nauyi."

Shi ya shirya kayan. Ya san zanen da take so, da kofin da ba ta shan ruwa sai da shi. Da yamma na hango shi da Yaya a baranda, kansu a haɗe, yana nuna mata wani abu a jikin ƙarfen. Ban matsa ba.

Da safe Inna ta shiga mota ba gardama, an ce mata unguwa za a je. Ta leƙo ta taga ta ce wa Kawu kar ya makara. Ya ce ba zai makara ba. Ya tsaya a bakin kwalta har motar ta sha kwana, sannan ya shigo ya kulle ƙofa, ya yi ɗage zai ɗora mabuɗin a sama. Hannunsa ya tsaya a can. Ya sauko da shi ya mayar jikin ƙofar.

Ni na ƙara kwana biyu a gidan, don kar ya zauna shi kaɗai nan da nan. Bayan abincin rana ya goge zanen ya kafe shi, ya tambaye ni wanne nake so. Na ce na wanzami. Da ya miƙa hannu zai kunna na'ura na ga yatsan ba komai, sai farin zagaye a inda zoben ya zauna.

"Na ba yayarka," ya ce, ganin inda nake kallo.

"Za ta iya, Kawu?"

Ya gyara littafin da ya tokare majigin, ya dubi kujerar da ke gaba.

"Bugu biyun za ta iya, wannan ba wuya, duk mai son ta zai san lokacin dariya. Bugu ɗayan ne aikin. Shi sai ka riga ka ga abin da ke tafe, kuma titinsu ban taɓa ganin shi ba."